Yatsun Ƙarfe Biyu da Buhu Hamsin

Gogan naku, wato mai wannan rubutu, yana da 'yar tarakta koriya a gonarsa da ke jihar Ohayo ta Amurka. Ƙarama ce, ba ta fi a-kori-kura tsawo ba, tana da hannu a gaba mai ɗauke da bokitin kwasar ƙasa. Shekara biyu suna zaman lafiya, sai ya ga maƙwabcinsa ya cire bokiti ya maƙala wasu yatsun ƙarfe biyu, ya zura su ƙarƙashin katakon da ake jera kaya a kai, ya ɗaga lodi guda kamar yana ɗaukar faranti. Daga ranar barci ya ƙaurace masa.

Sababbi sun yi tsada, don haka ya shiga kasuwar Facebook neman na hannu. Ya samu: tsawon inci 48, an rubuta suna ɗaukar kilo 1,800, kuɗinsu dala 350. Tafiyar awa biyu ya yi da tirelar aro. Mai kayan, wani dattijo marar yawan magana, ya tambaye shi irin taraktarsa. Gogan ya ce ai tarakta tarakta ce. Dattijon ya ƙirga kuɗinsa sau biyu, bai ƙara cewa uffan ba.

A gida aka gane dalilin tambayar. Bakin hannun tarakta ba iri ɗaya ba ne. Akwai faranti mai sakata biyu da kamfanin Bobcat ya fito da shi a farkon shekarun 1970, wanda yanzu kusan kowa ke bi a Amurka. Akwai na ƙananan John Deere, ƙugiya a sama, fil a ƙasa. Turawan Turai ma suna da nasu daban. Yatsun na tsarin farko ne, taraktar ta na biyu. Minti 40 ya kwashe yana gaba yana baya, yana tunkarar ƙarfen kamar rago yana gwada ƙaho a bango, uwargida na tsaye a taga da kofin shayi.

Magani shi ne wani faranti da ake sawa a tsakani, mai haɗa baki da baki. Ya saya sabo fil, kuɗinsa ya kusa kamo na yatsun. Araha dai ba ta ado.

Sai ranar gwaji. Mota ta sauke dunƙulen garin katako da ake ƙonawa don ɗumama gida lokacin sanyi, buhu 50 a kan katako ɗaya, kowane buhu kilo 18, jimilla kilo 900. Gogan ya zura yatsu, ya ja sanda. Injin ya yi nishi, kaya ba su ko motsa ba, sai ƙafafun baya suka fara sassauta riƙon ƙasa. Nan ya buɗe littafin tarakta, karo na farko tun da ya saye ta. Hannun yana ɗaga kilo 340 ne ko kusa da haka, kuma a gindin hannu ake auna wannan, ba can gaba inda kaya ke zama ba. Yatsun da yake taƙama da ƙarfinsu, su da farantin tsakani, sun cinye fiye da rabi tun ba a ɗora komai ba. Ashe yatsun na babbar tarakta ne. Ya sayo wa jaki sirdin raƙumi.

Maƙwabcin ya leƙo, ya tsuguna ya shafa dunduniyar yatsun, inda ƙarfen ya lanƙwasa. Ta ɗaya ta side saboda jan ƙasa. Ƙa'idar masu duba irin waɗannan yatsu ita ce, idan kaurin wurin ya ragu da kashi 10 cikin 100, ƙarfin ɗauka ya ragu da kashi 20, sai a ajiye. Ya kuma ce a rataya wa taraktar nauyi a baya kafin ta dungura da shi.

Buhu 6 take ɗagawa ba gardama. Sauran 44 gogan ya sauke su da hannu domin ya rage mata nauyi, da ya ga sun riga sun hau kafaɗarsa sai kawai ya wuce da su rumbu.

"Malam," in ji uwargida, "ashe tarakta ce ta ɗauki ɗan dako."

Yatsun suna nan jingine a bayan rumbu, kaji na kwana a kansu. Duk mai babbar tarakta da ke so ya zo da tirelarsa, amma ya fara duba bakin hannunta kafin ya taso.