Akwai Aitam Tatin?

Ran Juma'a bayan isha'i, lasifikar masallacin lungunmu ta yi tari sau biyu, ladan ya hura mata iska, sannan ya ce sanarwa, sanarwa. Honarabul, wakilin unguwarmu a majalisa, na gaishe da jama'a. Gobe Asabar ƙarfe 9 na safe akwai taro a filin makaranta kan maganar gota da kuɗin bola, ana son kowane gida ya turo mutum ɗaya. Bai gama rufe baki ba sai ga wata murya daga sahun gaba, muryar dattijon da ya sauke farali har sau biyu: "Malam, akwai aitam tatin?"

Aitam tatin, wato aitam na sha uku, shi ne kwalin abinci da abin sha da ake rabawa a ƙarshen taro. Ladan ya ce shi dai ba a faɗa masa ba. Ya manta bai kashe lasifikar ba. Nima ta ji, Mamobi ta ji, ina kyautata zaton har sojojin da ke gadin fadar Jubilee sun ji. A nan taron ya mutu, tun kafin a haife shi.

Na je da safe. Kujerun roba 60 aka jera a inuwa, mu 9 ne a kai. A cikin taran nan akwai Honarabul da kansa, da yaron da ke riƙe masa jaka, da mai hayar kujerun wanda ya zo gadin dukiyarsa, da wata tsohuwa da ta ɗauka rabon gidan sauro ake yi. Akuya ma ta leƙo, ta shinshina ƙafar tebur, ta ga babu kwali a ƙarƙashi, ta juya. Ban ga laifinta ba, a unguwar ta tashi.

Lungu uku daga wurin ana suna. Babu ladan da ya yi shelarsa, babu takarda a bango. Amma tun ƙarfe 7 an kafa kanofi uku a tsakiyar titi, an mayar da trotro wata hanya, mai kiɗa ya jera akwatunan sauti kamar zai yi wa Tema magana. Mutane sun zo daga Ashaiman, sun zo daga Madina, sun zo daga Fadama da Sabon Zango, wata Hajiya ma daga Kasoa ta taso tun asuba saboda cunkoso. Wa ya gaya musu? Hanci. Ƙamshin albasa a cikin mai ya fi kowace lasifika a Akra nisan zango.

Da yamma na kai ƙara bes ɗinmu, inda ake dafa ataya, ina zaton za a taya ni jin haushi. Ashe na faɗa hannun malaman fannin ne. Aka buɗe babi. Wani ya ce ruwan leda ba ya shiga aitam tatin ko da mai sanyi ne, wannan haƙƙin ɗan Adam ne kawai. Kowa ya yarda. Malta ita kaɗai fa? A nan aka sami saɓani. Mazhabar bakin gota ta ce Malta tana isarwa idan taron bai wuce awa ɗaya ba, mazhabar Kawukudi ta ce sam, sai an haɗa mata da mitfai, kuma mitfai ɗin a buɗe shi a ga nama da ido, don an sha yaudarar al'umma da albasa. Jolof da cinyar kaza a cikin tekawe kuwa babu mai jayayya, shi ne cikakke, wanda ya same shi ya halarci taro ko da bai ji kalma ɗaya ba. Wani yaro ya tambayi hukuncin wanda ya karɓi tekawe biyu ya ce ɗaya na mamarsa ce, alhali mamar tana wurin ta karɓi nata. Aka ce wannan ba a binciken sa, don duk wanda ke zaune a nan ya taɓa yi.

Har lissafin lokaci suna da shi. Ba a zuwa da wuri, kada a sa ka jera kujeru. Ba a makara, kada kwali ya ƙare. Gwani yana shigowa ne daidai lokacin da shugaban taro ya ce ko akwai mai wata magana, ya zauna kusa da ƙofa, ya gyaɗa kai sau uku kamar tun safe yake bin zancen. Na tambaye su mene ne aitam na ɗaya zuwa na sha biyu. Aka yi tsit. Mai dafa ataya ya ce yana jin na farkon addu'a ce.

To ga abin da ke cikin sha biyun da ba mu sani ba. A irin wannan zaman ne ake faɗin kuɗin da majalisa za ta karɓa a hannun mai tebur da mai shago da mai gida, a ji ta bakin jama'a kafin a buga hatimi. A nan ne za ka iya miƙewa ka tambayi ina aka kai rabonmu na kason da tsarin mulkin 1992 ya ce a ware wa majalisun gundumomi, aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Shekara da shekaru muna kukan cewa AMA, majalisar birnin Akra, ta yi mana nisa, Akra ta yi mata yawa, ba ta san da zamanmu ba. A 2018 aka yanka mana namu, Nima ta sami Ayawaso ta Gabas, Mamobi ta sami Ayawaso ta Arewa. An kawo mana majalisa har bakin ƙofa, sai muka leƙa ta taga muka tambaye ta ko ta zo da Malta. Ranar da mai tikiti ya tsaya gaban teburin Hajiya a Kasuwar Mamudu ran Laraba da sabon farashi, a ranar za ka ji ana rantsuwa ba a taɓa shawara da kowa ba.

Shi kuwa Honarabul, ba na jin tausayin ɗan siyasa, amma wannan na ji nasa. Mun zaɓe shi a Disamban 2023, mu 'yan kaɗan da muka fita, don zaɓen da babu jam'iyya babu riga kyauta ba ya tayar da mutum daga barci. Tun daga ranar bai sake yin sallar asuba shi kaɗai ba. Yana sallamewa zai tarar da layi a zaure: matar wane ta haihu, ɗan wane na hannun 'yan sanda, wane za shi Kumasi ta'aziyya babu kuɗin mota. Wanda ya zo da maganar gota a layin nan, a nuna mini shi in saya masa koko da ƙosai. Mun mai da mutum asusun suna da addu'a, sannan mu zauna a bes mu ce bai yi aikin komai ba.

Gotar kuma tana nan inda take, ta raba Nima da Mamobi, kowane ɓangare na rantsuwa bolar ɗaya ɓangaren ce. Ni na ga abin da na gani. Hadari na haɗuwa, iska na kaɗawa, sai ka ga yara na fitowa daga lunguna da bokiti a ka, iyayensu ne suka aiko su, a yi maza a juye kafin ruwa ya sauko ya tafi da shi. Mai aboboya, keken kwasar bola, na zagayawa kullum yana busa, sidi kaɗan yake karɓa, a ce masa babu canji. Mutumin da ya yi liƙi da 'yan sidi ashirin-ashirin a goshin mai kiɗa ran Asabar, shi ne ba shi da canjin bola ran Litinin. Ruwan nan ba sama yake komawa da ita ba. Yana gangarawa da ita kogin Odaw ne, ta wajen Circle, inda a daren 3 ga Yunin 2015 ambaliya da gobarar gidan mai suka kashe mutum fiye da 150, da yawansu mutanen da suka fake wa ruwan sama ne kawai. A 2014 kwalara ta zagaye Akra, har ta sa aka ƙirƙiro ranar tsafta ta ƙasa, Asabar ɗin farkon kowane wata. Mun halarci jana'iza, mun ce Allah ya kiyaye gaba, mun koma mun aiki yaro da bokiti. Sannan kowace Juma'a mu gyara zama mu ji huɗuba kan tsafta muna gyaɗa kai, irin gyaɗawar mai jiran kwali.

Kuma abin da ya fi cika gotar, in ka tsaya a kan gada ka duba da kyau, tekawe ne da ledar ruwa. Wato aitam tatin ɗin ne da kansa, bayan ya gama aiki.

Wannan ma ya tuna mini, wa ya fara zuba wake a cikin farin kwalin nan? Waken da muka ba ƙasar nan har Ashanti da Ga suka karɓe sunan suna rubuta shi waakye, a ganye muka san shi. Ganye na riƙe zafi, yana ƙara ƙamshi, shito ba ya tsiyaya ta gefe, gari na jiƙa daidai, taliya na kwanciya inda aka ajiye ta. A kwali kuwa gumi yake yi kamar wanda ya hau trotro a Nima da azahar, ƙwai ya gangara kusurwa ɗaya, ganda ta yi sanyi ta koma takalmi. Na faɗa wa mai waken bakin titinmu haka, ta ce, "Alhaji, ganye ya yi tsada, kuma 'yan ofis ba sa son a gan su da shi." Ban je Hajji ba, amma na karɓi Alhajin, na karɓi kwalin. 'Yan ofis! Kakanninmu sun bi Malam Amadu Futa sun sari dajin nan suna cin tuwon zafi da hannu, jikoki na jin kunyar ganye. Wata rana zan yi rubutu a kan wannan shi kaɗai, har da masu cin wake da cokalin roba.

Ina muka tsaya? Taro. Ƙarfe 10 da rabi Honarabul ya duba agogo, ya duba kujeru, ya ce tunda jama'a ba su samu zuwa ba a ɗage. Mai kujeru ya fara tattarawa yana ƙirgawa da ƙarfi. Tsohuwar ta tambaya ko gidan sauron sai wani makon. Daga nan muka fito, kuma tunda hanyar gida ta bi ta wajen kanofi, ba kyau mutum ya wuce bai yi barka ba. Na tarar da Honarabul ya riga ni, an ba shi kujerar gaba, an kira sunansa a lasifika ya ajiye ambulan. Jama'ar da ya nema tun safe duk ga su nan kewaye da shi, sai dai ƙarar kiɗa ba ta bari a ji maganar gota. Jolof ne da kaza. Na karɓi biyu, ɗaya na Mma ce.

An mayar da taron Asabar mai zuwa, ƙarfe 9, a filin makarantar dai. An ce in gaya muku wannan karon akwai aitam tatin. Ni ban ga kwalin da idona ba.