Gindin Jigo Ne Ya Lalace, Malam, Ba Allon Ba

Na ga yadda ka yamutsa fuska tun daga kan take. Ka ce me ya haɗa Bahaushe da jigon jirgi, balle wani allo da Turawa ke hawa suna shawagi a kan ruwa? Gyara zama. Allon nan ba na makarantar Alaramma ba ne, kada ka tashi neman tawada. Dogon allo ne mai fatar roba, cikinsa soso, na da can tsawonsa ya haura mita uku da rabi. A tsakiyarsa ake kafa sanda mai tsawon mita huɗu da ɗoriya, ita ce jigon, a ɗaura mata ƙyalle ya kama iska, mutum ya tsaya a kai ya riƙe da hannu biyu, iska ta yi gaba da shi.

Zancen gyaran irin allon nan a Khartum zan yi maka. Ka ce to na ji, amma a Khartum? Garin da hamada ta kewaye? Haba malam, ashe lokacin da ake darasin labarin ƙasa kana bayan aji kana cin gyaɗa. Khartum zaune take daidai inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka yi gamo, wurin da ake kira Mugran, ga tsibirin Tuti a tsakiya, ga Omdurman a tsallake. Daga nan ruwan ya miƙe arewa zuwa Masar, iskar rani kuwa daga arewa take busowa. Ka ga kenan mai jirgi ya samu banza biyu: in kudu ya nufa iska ta tura shi, in arewa zai koma ruwa ya ɗauke shi. Ko sisin mai ba ya kashewa. In Bakano ne kai, na san a nan ka fara saurare da kyau.

Kuma ba jiya aka fara wasan tseren iska a wurin ba. Ƙungiyar Blue Nile Sailing Club tun 1926 aka kafa ta a bakin Shuɗin Nilu. Ka san me ta mayar ofishinta? Jirgin yaƙi. Melik sunansa, a Ingila aka ƙera shi, aka kawo shi gunduwa-gunduwa aka harhaɗa a bakin Nilu, yana cikin jiragen da Kitchener, kwamandan Turawan Ingila, ya yi wa mayaƙan Halifa Abdullahi, mai mulkin Sudan a lokacin, ruwan wuta da su a yaƙin Karari, ranar 2 ga Satumba, 1898. Da ya tsufa aka mai da shi wurin zaman masu tsere, har wata babbar ambaliya a ƙarshen shekarun 1980 ta ɗaga shi ta dire a kan tudu. Ƙananan jiragen tseren ƙungiyar kuwa na ƙarfe ne, samfurin shekarun 1930, an yi ta faci ana tsere da su shekara da shekaru. Mutanen da suka mai da jirgin yaƙi ofis, kai ne za ka koya musu jefar da tsohon kaya?

Yanzu zo mu leƙa inda cutar take. A jirgin ruwa na sosai, jigo kafaffe ne, an ɗaure shi da igiyoyi ta ko'ina, a baya kuma ga abin juya akala. Allon nan ba shi da ko ɗaya. Jigon ne akalar. Ka karkata shi gaba, hancin allon ya bi iska. Ka ja shi baya, hancin ya juyo ya fuskance ta. Don haka dole gindin jigon ya zama gaɓa mai lanƙwasa ta kowace fuska, kuma duk ƙarfin iskar da ƙyalle ya tara ta wannan 'yar gaɓa yake bi ya shiga allo. Ita ce ainihin dabarar da Jim Drake da Hoyle Schweitzer na Kalifoniya suka nemi rajistar mallakarta a 1968, ko da yake wani Ba'amurke, Newman Darby, ya riga su gwada irinta tun 1964. Abin da bai fi dunƙulen hannunka ba, a kansa aka yi ta shari'a a kotuna.

Ka ce to in ta lalace a sayo sabuwa mana, mene ne abin dogon Turanci? Madalla da mai kuɗi! Ka tuna zamanin da kowace waya da irin cajarta, wannan ƙaramin baki, waccan babban baki, ka zagaye unguwa da matacciyar Nokia kana neman mai irin taka? Haka allunan shekarun 1970 da 1980 suke. Mistral da nasa rami, Bic da nasa, F2 da nasa, kowa ya ƙi kowa. Daga baya ne aka daidaita a kan siririyar kwata guda a bayan allo, wadda noti ke zamewa a ciki a ɗaure shi da ƙusa mai kauri milimita 8. Sabon gindi ba ya shiga tsohon rami, tsohon gindin kuma an daina yin sa tun kafin a yaye ka. Ka ce a yi oda daga waje? Sudan ta zauna ƙarƙashin takunkumin cinikin Amurka daga 1997 zuwa 2017. Je ka yi odar, muna nan muna jiranka.

Mai hankali ba ya taɓa allon ma tukuna. Tsohon gindin yake ɗauka ya duba. Sau da yawa ɓangaren da ke shiga rami lafiyarsa ƙalau, robar tsakiya ce ta mutu. Ka lanƙwasa ta da hannu a cikin haske: in ka ga 'yan tsage-tsage sun buɗe baki a wuyanta, ta gama aiki, ko da daga nesa tana sheƙi. Ranar Khartum da ke haura digiri 40 ba ta yi wa roba da sauƙi. Sai a kwance ta, a bar tsohon ƙasan, a ɗaura sabuwar gaɓa da ƙusar da ba ta tsatsa, a ɗora sabon kai wanda jigon zamani zai zauna a kansa. Sama sabo, ƙasa tsoho. Sannan a ratsa igiya mai ƙarfi ta haɗa saman da ƙasan, don ko robar ta tsinke kada a rabu.

Ka ce igiya kuma, ai wannan tsoro ne? Ƙwarai kuwa tsoro ne. Bari gaɓar ta tsinke maka a tsakiyar Shuɗin Nilu cikin watan Agusta, lokacin da ruwan Habasha ya sauko jajir yana tafe da itatuwa. Allo ya yi gabas, ƙyalle ya yi yamma, kai kuma sai dai mu aika a tare ka a duwatsun Sabaloka, can arewa da Khartum, in an ci sa'a.

In kuwa ramin ne ya rarake, a nan ake gane gwani. Na san abin da ke bakinka: a kai wa mai walda. Kai dai komai walda! Malam, roba ce da soso, kana nuna mata wuta ta zama tarihi. Ka ce to a cika ramin da gam? Wane allon? In mai fatar zaren gilas ne, gam mai haɗi biyu yana kama shi. A yanke tsohon ramin, a bar soson ya bushe sarai, don tsohon allo yakan sha ruwa ya yi nauyi, a dasa sabuwar kwata, a lulluɓe da zaren gilas hawa-hawa. Amma allunan farko da yawa da irin robar jarka aka yi su, ita kuwa ba ta ga maciji da gam. Yau ka shafa, gobe ka ɓare shi da farce. Irin wannan sai dai a yanko farantin alminiyam ko na roba mai kauri, a tsaga masa kwata, a ɗaure shi da ƙusoshi a kan tsohon wurin, a toshe duk hudar da ruwa zai bi. Kuma a tsohon wurin na ce. Ka matsar da shi gaba ko baya don son ranka, allon ya ƙi jin magana, ka dawo kana cewa an yi maka asiri.

Ka ce duk wannan ilimin Turawa ne? Tsallaka Omdurman, ka gangara unguwar Abu Rof a bakin kogi, inda aka san maƙeran jiragen katako tun kaka da kakanni. Itacen da suke aiki da shi sunut suke ce masa, bagaruwarmu ce ta jima, wadda kai iyakar saninka da ita 'ya'yanta a majema. Su kuwa katako mai kauri suke fitarwa daga jikinta, su jera, su ɗinke da dogayen ƙusoshi, su cusa tsumma a tsakani ya toshe ruwa, su gitta ƙaton gungume ya riƙe jigo. Ba su karanta Drake ba, amma sun san inda iska ke karya jirgi. Ni dai da za a ba ni zaɓi tsakanin sabon allo a hannun wanda bai san gindinsa ba da tsoho a hannun irin waɗannan, ba sai na yi istihara ba.

Kada kuma ka sake ce mini Nilu ba ruwanmu ba ne. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'arsa har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da suka kafa har yau sunansa yake amsawa. Hausawan Sudan sun yi noma a bakin kogin nan, sun yi su a cikinsa. Kai ne dai ka tsaya a gaɓa da takalminka a hannu.

Ka ce ana yaƙi ina maganar wasan ruwa? Wannan kam ka faɗi gaskiya, ba zan yi maka dariya a kai ba. Ranar 15 ga Afrilu, 2023 Khartum ta faɗa cikin masifa, gadar Shambat da ke haɗa Omdurman da Bahri ta karye a Nuwambar shekarar, miliyoyin mutane sun bar gidajensu. Amma garin da aka wawashe, masu gyara ne ke tayar da shi, ba masu jiran oda ba, kuma Allah ya sa Khartum ba ta taɓa rasa su ba. Allah ya kawo musu zaman lafiya.

Kai kuma, in wata rana ka ci karo da irin allon nan a wurin 'yan gwangwan, kada ka bari a fasa shi a yi benci. Juya shi ka duba ramin, ka tambayi ina tsohon gindin yake, don shi ne ba a samu a kasuwa. In ka gyara, ga dam ɗin Tiga nan kusa. Ka koyi iyo tukuna, ka sa rigar ceto, sannan ka aiko a kira ni kallo.