Laifin Mai Niƙa Ne

A gidajenmu da wuya ka ji wadda ta ɓata girki da hannunta. Kullum mai laifin yana waje: icce ɗanye ne, gas ya cika ƙarfi, mai injin niƙa ya haɗa garin da na wasu. Amma masu ɓata tukunya kala-kala ne, kuma kowacce da tambarinta.

Akwai Hajiya Gaggawa. Ruwa bai gama tafasa ba ta zuba talge, talgen bai nuna ba ta antaya gari gaba ɗaya, sannan ta kama muciya tana kokawa da tukunya tana haki. In an kwashe, kowace malmala cike da gudaji, ka fasa ɗaya ka tarar da busasshen gari a ciki. Tuwon masara ba ya son haka. A bar talge ya dahu sosai, a riƙa barbaɗa gari kaɗan-kaɗan ana tuƙawa, a rufe ya turara a kan wuta marar ƙarfi, a sake tuƙi. Ita dai ko ka faɗa mata, cewa za ta yi masarar bana ce ba ta da kyau.

Sai Uwar Kanwa, wadda ta ɗauki ungurnu maganin kowace matsala. Wake ya ƙi dahuwa, kanwa. Tumatir ya yi tsami, kanwa. Kuɓewa ba ta yi yauƙi ba, a ƙaro kanwa. Gaskiya ne tana tausasa wake, tana kashe tsami, amma ɗan ruwanta da aka jiƙa aka tace ya wadatar. Ita kuwa dunƙule guda take jefawa, miya ta yi duhu, baki ya ɗauki ɗanɗanon sabulu. Tsamin tumatir ma da ta yi haƙuri ta tafasa markaɗen har ruwansa ya ƙone, ta soya shi har mai ya taso sama, da mafi yawansa ya tafi da kansa.

Mai nauyin hannu ba ta ɗanɗana miya, wai ita ba yau ta fara girki ba. Ta manta cewa Maggi ɗin da ta marmasa guda biyar rabinsa ko fiye gishiri ne, kuma miya tana ƙafewa gishirin yana nan inda yake. Ana cewa a jefa dankali ya tsotse. Kada a yaudari kai, abin da ke ceton tukunyar shi ne ƙarin ruwa da ƙarin kayan miya. Kishiyarta a hali ita ce Mai Ɗanɗane, wadda ke duba ko nama ya yi laushi har sai ya ƙare.

Wadda ta fi ban tausayi ita ce 'yar waya. Ta ɗora dafa-duka, ta ce bari ta leƙa WhatsApp minti biyu. Sai maƙwabciya ta ɗago murya ta bayan katanga: "Maman Abba, ba tukunyarki ce ke kamawa ba?" Ta zabura a guje, ta yi abin da ya fi ƙonewar muni, wato ta sa ludayi ta gauraya tun daga ƙasa, ƙauri ya game ko'ina. Da ta juye na saman a wata tukunyar ba tare da ta taɓa ƙanzon ba, da maigida bai ma sani ba.

Shi kansa maigidan, ranar da uwargida ta tafi gidan suna, sai ya naɗe hannun riga ya ce wa yara yau za su ci girkin da ya koya a makarantar kwana. A wurinsa wuta iri ɗaya ce: a ƙure ta. Shinkafa ta fito ƙasa gawayi, tsakiya caɓe, sama tana garas-garas. Ya tsaya ya ƙura mata ido, ya ce wannan shinkafar ta zamani ba ta da albarka, ya tura Abba wurin mai shayi ya sayo Indomie da ƙwai.

"Ku wanke tukunyar nan tas. Kuma kada wanda ya faɗa wa mamanku."