Sarakunan Sashe

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, ga ta Aliero, ga Kwalejin Adamu Augie ta Argungu, shugabannin sashe suka cika ƙasar Kabi kamar masunta ranar su a Matan Fada. Na yi zama ƙarƙashin da yawa, a wata makarantar da ba zan faɗa ba, don ina son albashina.

Akwai Malam An-ce-daga-sama: ko alli ka roƙa, sai ya nuna rufi da yatsa. Akwai Ɗan Hanya, yau Abuja gobe Sakkwato. Mai son sa hannunsa ya tare shi a filin jirgin Ambursa.

Amma gwanina Kanta. Ranar da takardar naɗi ta iso ya daina amsa "Malam", sai "ranka shi daɗe". Ya girke tebur tsakaninsa da abokan shayinsa, ya ɗora hatimi a kai kamar tambarin Surame. Mitin ƙarfe goma, shi yakan shigo daf da Azahar, ya buɗe da tarihin karatunsa a Zariya, ya ratsa ta yadda ya ceci sashen da 'yan NUC suka zo tantancewa. A zahiri kujerun aro ne, har littattafan. Daga nan ya ce, "To, a kawo shawara," alhali sakatare ya buga matsayar taron tun jiya. Duk da haka, ranar sunan ɗanka shi ke fara zuwa, da buhun shinkafa.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne Mai Aljihun Tebur. Yara sun ci wata takwas a gida a yajin aikin ASUU na 2022, sun dawo sun rubuta jarrabawa, shi kuma ya danne sakamako don yana gaba da mai haɗa maki. Yaro ya rasa tafiya bautar ƙasa, uwarsa na soya ƙosai tana lissafin wata. Wannan mugunta ce.

Ni ma an taɓa ba ni riƙo, sati uku. A rana ta huɗu wani ya zo neman alli. Ban ankara ba sai ga yatsana yana nuna rufi.