Takardar Koke Zuwa ga Makirufon Kyamarar Saman Allo

Zuwa ga Malam Makirufo, mazaunin cikin kyamarar da ke ɗare bisa allon kwamfuta.

Bayan gaisuwa irin ta maƙwabtaka, da fatan Malam yana lafiya cikin ɗan raminsa da bai fi kan allura ba. Mai wannan takarda ya daɗe yana haɗiye maganar nan. Abin da ya auku ranar Asabar ne ya sa ya ɗauki alƙalami, kuma ya zaɓi rubutu da gangan, domin duk abin da aka faɗa da baki a ɗakin nan Malam yakan naɗe shi ko ba a sa shi ba.

Malam ya san abin da ya aikata, amma saboda masu karatu bari a maimaita. Wata biyu mai takarda yana sintiri gidan wani dattijo, tsohon marini, kafin ya yarda ya zo ya ba da tarihin sana'arsa. Aka kafa masa babban makirufo dab da baki, irin wanda ba ya buɗe kunne sai akwatin sauti ya ba shi wuta bolt 48. Aka kashe fanka duk da zafin da ake zubawa, aka rataya bargo a taga, aka kori yara. Aka danna jan maɓalli, koren layin ma'aunin sauti ya shiga tsalle, hankalin kowa ya kwanta. Kusan awa guda dattijo yana zuba bayani: yadda ake haɗa baba da toka da kanwa, yadda ake gane ruwan rijiya ya nuna, da dalilin da ya sa ake tsoma ƙyalle a fitar ya sha iska a sake tsomawa.

Da dare aka kunna. Muryar dattijo can nesa, sai ka ce daga gindin rijiyar marinar yake magana. Abin da ya fito tar shi ne janaretan maƙwabta, da kukan fankar cikin kwamfuta, da kurɓar shayin mai takarda, da wani «uhm, uhm» da bai taɓa sanin yana yi ba. Duk inda dattijo ya tsaya ya ja numfashi, sai janareta ya taso kamar an turo shi cikin ɗaki, domin yawancin ire-iren Malam an yi su ne da ɗabi'ar ƙara wa kansu ƙarfin ji da zarar wuri ya yi shiru. Babban makirufo ya sha wutarsa a banza. Ko uffan ba a karɓa daga gare shi ba.

Washegari aka je ba da haƙuri. «Baba, a gafarce mu, na'ura ce ta yi mana tsiya.» Dattijo ya ce, «Ɗana, wacce? Mai kama da taɓaryar nan da ka dasa mini a gaba?» Sai da aka yi dogon bayani cewa a'a, wata ce daban wadda bai ma gani ba. Ya jinjina kai kawai.

Sai dai ba a yanke hukunci da jin ɓangare ɗaya, kuma mai takarda ya yi bincike. Manhajar naɗar sauti ba ta da ido. Ba ta san wane makirufo aka yi wa adashi aka saya ba, ko wanne ne ya zo gyara a jikin kyamara. Idan ta tashi, tsarin kwamfuta take tambaya su wa ke nan, shi kuma ya miƙo mata rajista. A ɗauki Audacity, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ta fito a 2000. Tana karanta rajistar ne lokacin buɗewa, ba ta sake dubawa sai an umarce ta. Wanda ya jona akwatin sautinsa bayan ya buɗe ta, tamkar ɗalibin da ya iso bayan kiran suna ne. Malam kuwa kullum yana aji tun kafin ƙararrawa.

A saman rajistar akwai wata kujera da Windows ke kira Default. Wannan ba sunan makirufo ba ne, sarauta ce, kuma sau da yawa wanda ya shigo gari a ƙarshe shi ake ɗorawa a kai. A Audacity kujerar tana zuwa da laƙabi mai kwarjini, Microsoft Sound Mapper ko Primary Sound Capture Driver, har mutum ya ɗauka wata babbar na'ura ce, alhali ma'anarta kawai duk wanda ke kan karaga yau. Daren Juma'a mai takarda ya jona kyamara don ya gaisa da yayarsa ta bidiyo. Kafin asuba an naɗa Malam. Da hantsi kuma Malam ya naɗe dattijo. Wannan laifin mai takarda ya amsa rabinsa, don shi ya bar manhajarsa tana bin sarauta maimakon ta kira mutum da sunan yanka.

Shi ma sunan yankan ba kullum yake ceto ba. Tsohuwar hanyar sauti ta Windows, wato MME, wadda ta samo asali tun 1991, ba ta ɗaukar suna fiye da harafi 31, sauran sai ta datse. Ga kuma ƙananan na'urori masu araha da yawa da ke kiran kansu USB Audio Device, kamar gidan da kowane yaro Audu ne. A kira Audu, uku su amsa.

Da can ba haka ake ba. A zamanin katin Sound Blaster da DOS, mutum da hannunsa yake gaya wa kwamfuta adireshin katin da layin da zai yi magana ta kai, in ya kuskure lamba ɗaya ya kwana ba sauti. Windows 95 ce ta zo da alkawarin a soka kawai abu ya kama aiki. Alkawarin bai zo da sauƙi ba: a watan Afrilu na 1998, a bajekolin COMDEX na Chicago, ana nuna Windows 98 aka jona na'urar sikanin, allo ya koma shuɗi a gaban Bill Gates da ɗimbin jama'a, shi kuwa ya mai da abin raha. Daga baya abin ya gyaru, ya ma gyaru fiye da kima. Yanzu duk abin da aka soka sai a yi masa maraba, a ba shi ɗaki, wani lokaci har da rawani. Malam ɗan wannan zamanin ne, ba shi ya ƙirƙiro gayyar soɗi ba.

Kuma ba shi kaɗai ba ne a dangi. Allon da aka jona da wayar HDMI yakan rubuta kansa a jerin lasifikoki ko da ba shi da bakin magana, mutum ya yi ta murɗa ƙara bai ji komai ba. Hannun wasan PlayStation in an jona shi da USB shi ma yakan fito a jerin kayan sauti. Masu Mac tun fitowar Ventura a 2022 suna ganin iPhone ɗinsu ta leƙo cikin jerin makirufo daga aljihu. Amma babban ɗan shiga sharo ba shanu shi ne abin kunne na Bluetooth. Fuska biyu gare shi. Da ɗaya yake kawo kiɗa garau ta kunne biyu. Da zarar wata manhaja ta taɓa makirufonsa, sai ya juya ɗayar, ta kiran waya, inda ake ɗibar sauti sau 8,000 ko 16,000 a daƙiƙa, alhali faifan CD sau 44,100 ne, aikin bidiyo kuma 48,000. Nan take kiɗan da ke kunne ya koma kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi, mai aiki ya shiga zargin kunnensa.

To, ga hukunci. Mai takarda ya fara da tunanin cire Malam daga kwamfuta gaba ɗaya, ya goge shi a Device Manager. Aikin banza ne: ana sake kunnawa tsarin zai gano shi, ya sake yi masa rajista da murna. Ya leƙa wajen saitin sirri, ya tarar can manhajoji ake hanawa ko a bari, ba a ware makirufo ɗaya, wato a rufe kasuwa saboda ɓarawo guda. Abin da ke aiki shi ne dakatarwa. A buɗe tsohon allon sauti, wanda ke fitowa in an rubuta mmsys.cpl, a shiga shafin masu ɗaukar murya, a danna dama a kan sunan Malam, a zaɓi Disable. Daga nan sunansa ya fita daga rajistar da ake miƙa wa manhajoji, su kuwa ba sa neman wanda ba a ambata ba. Daɗin abin, kyamara da makirufonta gida ɗaya suke amma ɗaki daban, saboda haka ido zai ci gaba da gani bayan an toshe kunne. Shi ma abin kunne na Bluetooth akwai inda ake cire masa alamar hidimar kiran waya a bar masa kiɗa.

Mai takarda ya san dabarar da ta rage wa Malam. In aka zare kyamara aka mai da ita wani ramin USB, yana iya dawowa da lamba 2 a gaban sunansa, kamar korarren ɗan haya da ya sake riga ya shigo ta ƙofar baya. An shirya wa wannan: an manna farin tef a kan ramin da aka ware masa.

Malam ya gode wa Allah ma da ba a Linux yake ba. Can ana duba lambobinsa biyu, ta kamfani da ta samfuri, a rubuta masa doka a udev cewa PulseAudio ta yi kamar ba a haife shi ba. Ƙwararrun situdiyo masu Cubase da FL Studio kuma sun daɗe da huta wa ire-irensa, domin ta ASIO suke bi, hanyar da kamfanin Steinberg na Hambug ya shimfiɗa, inda manhaja ke magana kai tsaye da akwatin sauti ɗaya tilo. Sai fa masu ASIO4ALL, wanda shi kuma yakan tattaro kowa da kowa ya jera.

Kada Malam ya ɗauka ƙiyayya ce. A kiran bidiyo ba a taɓa samunsa da kasala ba, kuma jin komai da ke ɗaki shi ne aikin da aka yi shi dominsa. Saboda haka an bar masa ranar Juma'a bayan isha'i, rabin awa, a buɗe shi a gaisa da Yaya, a mai da shi.

Dattijo ya yarda zai dawo ranar Alhamis, bisa sharaɗin a bar fanka a kunne har sai an fara. Kafin ya ce bismillah, mai takarda zai ƙwanƙwasa babban makirufo da farce ya ga koren layi ya zabura, sannan ya ƙwanƙwasa kyamara ya tabbata layin bai motsa ba. Zai naɗi daƙiƙa goma ya saurara da kunnensa. In aka ji kurɓar shayi ta fi muryar Baba, kyamarar da Malam ke ciki za ta koma kwalinta a saman kabad.

Wassalam.

Daga maƙwabcinsa na gaban allo.