Baffa Ya Fita Neman Rediyo Mai Murya

A gidaje da yawa a Kano, rediyo ce ke riga maigida buɗe baki da safe. Kafin a dama koko an ji abin da aka kwana ana yi a Abuja, kafin yara su tafi makaranta an san wanda ya sauya sheƙa daga wace jam'iyya zuwa wace. Tsarar Baffana da wannan suka tashi. Yana ɗan firamare BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962 zamanin Sardauna, Jamusawa suka shigo a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa a 2007. Da tashar Freedom ta fara aiki a Kano a 2003, sai ta mamaye masa dare da shirye-shiryen siyasa. Baffa ya koyar a makaranta har ya yi ritaya, amma duk wata gardama da ya taɓa ci a majalisa, daga rediyo ya samo hujjarta.

Tsohuwar rediyonsa ta rataye ce, mai jakar fata. Ta sha ƙurar hunturu ta shekaru masu yawa, kyankyasai suka cinye takardar sifikarta, har ta kai ga in mai labarai ya ce gwamna sai a ji gwanda. Baffa ya ce ya gaji da manna akwati a kunne. Yanzu ta tebur yake so, wadda zai ajiye a falo, ya miƙe ƙafa, murya ta zo ta same shi inda yake. Ni aka ɗauka ɗan dako, saboda ina da babur.

A wani shago a Sabon Gari, mai kaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, irinku ba a ba ku ƙaramin abu." Ya sauko da wata ƙatuwa ta roba, fitilu na zagaye sifikunta ja da shuɗi da kore, a jikin kwalin an rubuta wat 2000 da manyan lambobi. Ya saka kiɗan biki ya murɗa ƙara har ƙarshe. Janaretocin layin duk suna ruri, amma ta danne su. Baffa ya ji ƙirjinsa na girgiza, ya ɗauka ingancin ke nan, ya biya ba tare da dogon ciniki ba.

A gida aka gane ba girin-girin ba, ta yi mai. Lokacin labarai ya yi, mai karantawa ya fara magana kamar wanda ya zura kai cikin randa. Gangar tana nan, kwanukan Hajiya na jeren kabad suna amsawa, amma kalma ba ta fita. In an rage ƙara murya ta nutse, in an ƙara robar akwatin ta kama kakkarwa. Da asuba kuma Baffa ya kunna ta a hankali don kada ya tashi kowa, sai muryar wata mata ta cika gidan da Turanci, tana sanar da cewa a shirye take a haɗa ta da waya ta Bluetooth. Hajiya ta fito da carbi a hannu ta ce, "Malam, wace ce wannan a falo da sassafe?"

Lambar nan ta 2000 kuwa, in an duba da kyau, akwai haruffan PMPO a gefenta. Wannan awo ne na talla, ba shi da ƙa'ida guda da kamfanoni ke bi, kowa yakan rubuta abin da ya ga zai sayar masa da kaya. Awon da ake dogara da shi shi ne RMS, ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a kai a kai ba tare da sauti ya ɓaci ba. Rediyon falo 'yan wat kaɗan take bukata. Abin da ke sa a gane magana kuwa ba a can ƙasa wajen ganga yake ba. Layin tarho na da, tsakanin haz 300 zuwa 3400 kawai yake ɗauka, kuma mutane suna fahimtar juna sarai. Ga shi kunnen tsofaffi siraran sautuka yake fara rasawa, waɗanda su ne ke bambanta wannan harafi da wancan. An sayar wa dattijo abin da ke ƙara abin da bai rasa ba, yana binne abin da yake nema.

Jikoki suka gaje ta. Har yau ita ke kiɗa in ana suna a layin.

Daga nan abokan majalisa suka ba shi shawara ya nemi ta gwanjo, wai kayan da sun fi ƙarko. Muka samo wata 'yar Japan, baƙa, mai nauyi, rubutun jikinta ba mai iya karantawa a gidan. Mai ita ya haɗa mana da na'urar rage ƙarfin wuta, domin a Japan bolt 100 ake amfani da shi, mu kuma a nan 230 ne. Gaskiya muryarta garau. Baffa ya yi hamdala, ya fara murɗa maɓalli yana neman tasharsa a kan 99.5. Allura ta tafi, ta tafi, ta tsaya cak a kan 90. Ya ƙara murɗawa. Ya sa hannu biyu. Sai muka ji ɗas, zaren da ke jan allurar ya tsinke.

Rediyon ba ta yi laifi ba. A mafi yawan duniya, har da Najeriya da Nijar, zangon FM daga megahaz 87.5 yake zuwa 108. Japan nata daban ne: daga 76 yake farawa, a da ya tsaya a 90, daga baya aka miƙa shi zuwa 95. Mafi yawan tashoshin Baffa suna can gaban inda allurar ta ƙare. Ya zauna da rediyo mai daɗin murya wadda kusan duk fuskarta babu kowa sai shuuu.

Labari ya kai ga ɗansa da ke karatu a Amurka, ya ji tausayi, ya ba wani mai dawowa gida saƙo. Da aka buɗe kwali, kowa ya yi shiru. Akwatin katako ne mai santsi, sifika guda, babu fitila ko ɗaya sai 'yar ƙarama. Fuloginta mai siraran ƙafafu biyu ne, ba ya shiga soket ɗinmu mai rami uku, sai aka aiki yaro ya sayo ɗan abin haɗi a bakin titi. Na nuna wa Baffa na'urar rage wutar da ke ajiye a ƙarƙashin tebur. Ya ɗaga mini hannu ya ce, "Kai yaro, wancan na Japan ne. Amurka ƙasa ce mai ƙarfi, kayanta ba sa tsoron wuta." Wutar gidajen Amurka bolt 120 ce. Rediyon ta yi magana, ta kai ga rabin sallama, sannan wani siririn hayaƙi ya fito ta bayanta da warin ƙonanniyar roba. Hajiya ta leƙo daga kicin tana tambayar wa ya bar abu a kan wuta.

Sai a lokacin Baffa ya yarda a je wajen mai gyara. Wani dattijo ne a cikin gari, shagonsa cike da gawarwakin rediyo har rufi, tabarau a kan hanci, ƙarfen narka dalma a hannu. Ya juya 'yar Amurkan, ya nuna wata 'yar takarda a bayanta. "Malam, ai ga shi nan an rubuta. Kai da ka koyar da karatu?" Baffa ya ce tabaraunsa ne ya bari a gida. Mai gyaran bai ja zancen ba. Ya ce kafin a duba fuskar rediyo, bayanta ake fara dubawa: in ba a ga 220 zuwa 240 ba, ko 100 zuwa 240, kada a kusantar da ita da soket kai tsaye. Ya ce masu lambobi a gilashi da aka yi don Amurka suna da wata matsalar, a matsakaicin zango tsallen kilohaz 10 suke yi, tashoshinmu kuma a jere suke tara-tara, sai rediyo ta dinga tsallake tasha tana kama gefenta. Wasu na Ingila kuma an yi su ne don tsarin DAB, in babu FM a haɗe, a nan ado ne kawai.

Sannan ya koya masa gwaji. Ya ce a ƙwanƙwasa akwatin da yatsa: in ya yi amo mai kauri, ba zai yi kakkarwa ba, in ya yi kwaram-kwaram, a ajiye. Kada a yarda mai shago ya gwada da kiɗa, a kamo tashar da ake hira, a rage ƙara ƙasa sosai, a ja da baya taku kaɗan. In ana jin kowace kalma a haka, rediyo ce. A murɗa maɓallin ƙara a ji ko yana ƙarce-ƙarce. A duba ko tashoshi biyu masu maƙwabtaka suna shiga gonar juna, domin Kano yanzu tashoshi sun yi yawa. A kuma tabbatar akwai gurbin batir, saboda wuta ba ta san lokacin labarai ba.

Da mai gyaran ya nuna masa wata mai sifika guda, Baffa ya yi ƙorafin cewa sifika guda ai rowa ce. Amma wata rediyon tebur da ta yi suna sosai, Model One ta kamfanin Tivoli Audio, wadda injiniyan Amurka Henry Kloss ya tsara ta fito a 2000, sifika guda ce mai inci 3 a cikin akwatin katako, da maɓallai uku kacal. Kamfanin Sangean na Taiwan ma yana yin masu irin wannan gini. Sifiku biyu da ke manne da juna a ƙaramin akwati ba sa raba sauti dama da hagu ga wanda ke zaune can nesa a kujera. Guda mai kyau a akwati mai nauyi ta fi amfani.

Aka yi musaya. Mai gyaran ya karɓi 'yar Japan da 'yar Amurka, Baffa ya yi ciko, ya samu wata mai akwatin katako da zango uku: FM har 108, matsakaicin zango, da gajeren zango don tashoshin ƙetare. A shagon murya tas. A gida FM tas. Da ya juya gajeren zango kuwa, sai wani zzzz mai kaifi ya rufe komai. Baffa ya ce an cuce shi. Da ya ga ƙarar tana zuwa ne bayan magariba kullum, ya fara zargin gwamnati ce ke toshe labarai. Wani a majalisa ya ce a dai yi hayaƙin habbatus sauda a falon, ba a san abin da ke zaune a tsohon katako ba.

Wani dare ana cikin haka aka ɗauke wuta. Rediyon ta koma kan batir, ƙarar ta ɓace ɗif, muryar mai labarai daga Landan ta fito fes. Aka dawo da wuta, zzzz ya dawo. Baffa ya miƙe da tocila ya fara bin soket ɗaya bayan ɗaya yana zare abin da ke jiki. A bayan kujera ya samo masu laifi: jerin cajojin wayar jikoki masu araha, duk a kan waya guda. Irin waɗannan cajoji, da wasu ƙwayayen fitila na zamani, da inbata ta sola, suna kunna wuta da kashewa dubban sau a daƙiƙa, wannan kuma yana watsa tartsatsin da matsakaici da gajeren zango ke kamawa a matsayin ƙara. FM ba ta cika damuwa da shi ba.

Sauran dabarun da kansa ya gano su. Eriyar ƙarfe ta FM ce da gajeren zango, in an zaro ta kusan santimita 75 ta dace da tsakiyar FM. Matsakaicin zango kuwa eriyarsa wani sanda ne a ɓoye cikin akwati, don haka rediyon gaba ɗaya ake juyawa har tasha ta fito. Gajeren zango sama yake bugawa ya dawo ƙasa, shi ya sa yake canzawa da lokaci: da rana mita 16 da 19 suka fi, da dare a sauko 31 da 41 da 49. Ya janye teburin daga kusurwa, inda bango ke ƙara wa murya kauri, ya kai shi kusa da taga. Ya kuma kafa doka: ba caji a falo lokacin labarai. Jikoki sun kai ƙara wajen Hajiya, ta ce ba ta shiga shari'ar rediyo.

Yanzu matsalar ita ce Baffa yana jin komai. A da rabin abin da 'yan siyasa ke faɗa a shirin dare a cikin ƙara yake ɓacewa, ya kwanta lafiya. Yanzu kowace kalma tana isowa, shi kuma ba ya bari ta wuce. Yana mayar da martani, yana kawo shekara da wata, yana cewa "Ƙarya kake, ina nan aka yi!" Rannan Hajiya ta ji murya biyu na ta sa-in-sa a falo, ta aiko jika da tuwo malmala huɗu da ruwan wanke hannu na mutum biyu. Yarinyar ta yi sallama, ta duba ko'ina, ta koma ta ce babu baƙo. Baffa ya ɗaga murya ya ce a bar tuwon inda yake, mutumin bai gama bayani ba tukuna, kuma shi ma yana da sauran amsa.