Alamar da Ta Hana Ƙanina Cin Tuwo

Ƙanina ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, irin waɗanda in ka tambaye su ƙarfe nawa sai sun fara yi maka bayanin yadda agogo yake aiki. Ana dab da karɓar aikinsa na kammala digiri, kwamfutarsa ta yi masa tawaye. Ya rubuta npm install, umarnin da ke kwaso ƙananan manhajojin da aikin ya dogara da su, ita kuwa ta watso masa dogon ƙorafi mai ɗauke da EJSONPARSE.

Nan take ya yanke hukunci cewa netuwok ce. Ya sauya layi, ya ranci kuɗi a wurina ya sayi data, ya hau saman bene yana ɗaga waya sama. Da abin ya ƙi, ya goge Node.js, manhajar da npm ke zuwa tare da ita, ɗungurungum ya sake saukewa. Hajiyarmu ta ga tuwonsa ya huce ba a taɓa ba, ta ce ko dai a kira malam ya tofa wa na'urar.

Alhali saƙon bai ambaci intanet ba ko kusa. Cewa ya yi an kasa karanta package.json, fayil ɗin da ake jera sunayen manhajojin da lambar sigar kowace. Tsarin JSON ake rubuta shi da shi, kuma JSON ba ya jin magiya: kowane suna sai an killace shi da miƙaƙƙiyar alamar zance ("), mai lamba U+0022. Wannan alama gadon tafireta ce, inda aka yi tsimin maɓallai aka bai wa buɗewa da rufewa alama ɗaya, kuma a haka ta shiga ASCII, tsarin haruffan kwamfuta mai gurabe 128. Na masu ɗab'i kuwa lanƙwasassu ne (“ ”), U+201C da U+201D. A idon mutum 'yan gida ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san suna da dangantaka ba.

Ni gyaran rubutu nake yi a maɗaba'a, kuma idona ba kamar da ba, sai na ce ya ƙara girman rubutun in gani.

"Yaya, don Allah ka bari, wannan ba fanninka ba ne."

"To, na ji. Amma me ya sa na wannan layin suka karkace, na sauran suna tsaye?"

Ya yi shiru, ya kusa liƙa hancinsa a jikin allo. Ashe abokinsa ne ya buga masa layin a iPhone ya turo ta WhatsApp, shi kuma ya kwafa ya liƙa. Tun daga iOS 11 na 2017 allon rubutun iPhone yake lanƙwasa alamun nan da kansa, abin da Microsoft Word ya daɗe yana yi. Kyautatawa ce ga mai rubuta wasiƙa, amma ba wanda ya yi shawara da npm.

Da ya sauya su da hannu da an gama. Ina! Zuciya ta ɗebe shi, ya rantse sai ya kori duk wani baƙon harafi, ya saki umarnin da ke share duk abin da ba ASCII ba a kan aikin gaba ɗaya. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Manhajar tasa da Hausa take magana, kuma ɓ, ɗ da ƙ ba sa cikin ASCII. "Ɗalibi" ya koma "alibi", "ƙoƙari" ya koma "oari". Layin da ake rigima a kansa kuwa ya tashi ba alamar zance ko ɗaya, don haka EJSONPARSE na nan inda yake.

Allah ya so yana ajiye aikinsa a Git, manhajar da ke riƙe tsofaffin kwafi, ya dawo da na baya. JSON ba shi da matsala da haruffanmu masu lanƙwasa, kai har da lanƙwasasshiyar alamar zance, muddin suna cikin jimlar da aka killace. A bakin jimlar ne kawai yake neman miƙaƙƙiya. Ya sauya alamun, npm ya kwaso kayansa ba gardama.

Mai karatu, in da iPhone kake tura wa mutane irin waɗannan layuka, shiga saitin allon rubutu ka kashe Smart Punctuation, fayil irin package.json kuma ka buɗe shi a manhajar rubuta lamba irin VS Code, kada ka kai shi Word.